Sushi Mai Tsada: Me Ake Saye a Kantar Mutum Goma?

A ƙarƙashin wani bene a unguwar Ginza da ke birnin Tokyo, daf da mashigar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, akwai wani ɗan gidan abinci mai kujeru 10 kacal, sunansa Sukiyabashi Jiro. Ba a miƙa wa baƙo takarda ya zaɓi abin da zai ci. Zama zai yi a bakin kanta, a riƙa ajiye masa loma bayan loma, wajen loma 20, cikin abin da bai wuce rabin sa'a da yawa ba, sannan ya tashi ya biya. A 2019 zama ɗaya yana farawa ne daga yen 40,000, sama da dalar Amurka 350 a canjin lokacin. Nan ne Firaministan Japan Shinzo Abe ya kai Shugaba Barack Obama cin abincin dare a watan Afrilun 2014. Mai gidan, Jiro Ono, an haife shi a 1925, ya buɗe wurin a 1965, kuma ya haura shekara 90 yana tsaye a bayan kantar nan.

Wanda ya taso inda ake soya kifi har ya yi ƙarau, ko a banda shi sai ya yi baƙi, dole ya tambaya: ɗanyen kifi a kan ɗan dunƙulen shinkafa, abin da ko wuta bai gani ba, me ya kai shi wannan kuɗi? Tambayar tana kan hanya. Amsar da nake da ita kashi biyu ce. Kaso mai yawa na kuɗin ladan aiki ne da aka gama tun kafin a buɗe ƙofa, aikin da ido ba ya gani, kuma ya cancanci a girmama shi. Sauran kuwa kuɗin suna ne da rububi, kuma shi ne ke neman raba wannan abinci da mutanen da suka ƙirƙire shi.

Sushi ya faro ne a matsayin dabarar adana kifi. A yankunan noman shinkafa na kudu maso gabashin Asiya ake jin an fara: a barbaɗa wa kifi gishiri, a binne shi cikin dafaffiyar shinkafa, a danne, a bar shi watanni har shinkafar ta yi tsami ta hana shi ruɓewa. In an tashi ci, shinkafar yar da ita ake yi. Har yau ana yin irinsa a gefen tafkin Biwa da ke lardin Shiga, ana kiransa funazushi, kuma warinsa yakan kori ko da wasu Japanawan. Da tafiya ta yi tafiya mutane suka gaji da jira. Suka fara cin shinkafar tare da kifin tun ba ta narke ba, daga baya kuma suka gane cewa in an zuba wa shinkafa ruwan khal, an sami tsamin nan take.

Irin wanda duniya ta sani yau, wato yankan kifi a kan dunƙulen shinkafa da ake kira nigiri, ya bayyana ne wajajen shekarun 1820 a birnin Edo, wanda shi ne Tokyon yanzu, kuma ana danganta shi da wani mutum mai suna Hanaya Yohei. Edo a lokacin tana da mutum wajen miliyan ɗaya, cike da magina, 'yan dako da sauran leburori marasa iyali a kusa. A rumfunan bakin hanya suke sayensa, su ci a tsaye da hannu, su wuce. Lomar ta ninka ta yau biyu ko uku. Babu firij, babu ƙanƙara, ga zafin bazara, don haka ba a isa a ɗora kifi yadda ya fito daga ruwa ba. Wani a jiƙa shi da gishiri da khal, wani a tsoma shi cikin shoyu, wato baƙin ruwan waken soya mai gishiri, wani a dafa, wani a turara. Wannan sarrafawa ita ce zuciyar salon da ake kira Edomae, kuma ita ce har gobe manyan gidajen sushi na Tokyo ke taƙama da ita.

Girgizar ƙasar 1923 ta rusa Tokyo, ta watsa masu sana'ar zuwa garuruwansu, suka tafi da salon. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da ƙarancin abinci ya sa hukuma ta hana gidajen abinci aiki a 1947, masu sushi na Tokyo suka samo mafita: mutum ya kawo awon shinkafarsa ɗaya, ya biya ladan aiki, a ba shi loma 10. Wannan ya taimaka wajen ƙanƙantar da lomar zuwa girman da aka sani. Rumfunan titi suka ɓace, kantarsu ta koma cikin ɗaki. A 1958 kuma Yoshiaki Shiraishi ya buɗe shagon farko da faranti ke zagayawa a kan bel a Higashiosaka. Daga nan hanya ta rabu biyu: sushi mai araha na iyali da yara, da kuma na kantar katakon hinoki inda ake magana ƙasa-ƙasa.

Mutane da yawa sun ɗauka kifin da aka tsamo yanzun nan shi ne ya fi. A wajen masu wannan sana'a ba haka ba ne. Kifin da ya mutu yana fafutuka namansa yakan lalace da wuri, saboda haka masunta ƙwararru, da zarar sun kama shi, sai su soke ƙwaƙwalwarsa, su zubar da jinin, su zura siririyar waya cikin lakarsa. Ikejime ake ce wa wannan. Kifin da aka yi wa haka yana iya kwana da kwanaki a sanyi yana ƙara daɗi, domin bayan mutuwa ne sinadarin da ke ba nama garɗi yake taruwa a jikinsa. Farin kifi yakan huta kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki, babban tuna kuwa yakan kai mako ko fiye. Wani kifin a nannaɗe shi cikin busasshen ganyen teku mai suna kombu, ganyen ya tsotse ruwan jikinsa ya bar masa ɗanɗano. Daga wannan ganye ne masanin kimiyya Kikunae Ikeda ya tace sinadarin gulutamet a 1908, ya kira ɗanɗanonsa umami, kuma bincikensa ne ya haifi kamfanin Ajinomoto, mai farin magin nan da ke cikin tukwanen Kano da Maraɗi. Abin da mai sushi ke yi shi ne fito da wannan ɗanɗano daga jikin kifin kansa, ta hanyar sanin ranar da ya kai da ranar da zai fara juyawa. Tsakanin ranakun biyu ba nisa, kuma kuskure ɗaya asarar kifin dubban yen ce.

In ana son a gwada gwani, ba da tuna ake gwada shi ba. Akwai wani ɗan kifi mai fatar azurfa da ɗigo-ɗigo, kohada, wanda ba shi da wata daraja a kasuwa, ga ƙaya, ga ƙarni. Sai an feɗe shi, an zare ƙayar, an sa gishiri na wasu mintuna, an wanke, an jiƙa cikin khal, an bar shi ya kwana. Yawan mintunan yana sauyawa da girman kifin, da kitsensa, da yanayin ranar, kuma babu littafin da zai faɗa maka. Ido ne da yatsa. Wanda kohadarsa ta yi daidai, masana sun yarda sauran aikinsa ma zai yi. Haka anago, wani dogon kifi mai siffar maciji, da ake dafawa har ya kusa narkewa, a shafa masa romonsa da aka ƙafe ya yi kauri. Oktofus kuwa, halittar tekun nan mai hannuwa takwas, a shagon Jiro yaran gida kan murza shi da hannu na minti 40 zuwa 50 kafin a dafa, don ya yi laushi. Wanda ya ce ba a girki a gidan sushi bai leƙa bayan labule da safe ba.

Duk da haka, tsofaffin masu sana'ar sukan ce shinkafa ce ta fi rabin aikin. Da yawa sun fi son tsohuwar shinkafa wadda ta sha iska, domin ta fi shan khal ba tare da ta caɓe ba. Wasu na amfani da farin khal, wasu da ja, kowa da sirrin awonsa na gishiri. Ana ajiye ta da ɗumi daidai da na jikin mutum, a dafa ta a kan lokacin zuwan baƙi. Dunƙulawar ba ta wuce 'yan daƙiƙu: a matsa ta yadda za ta riƙe kanta in an ɗauka, amma a bar iska a tsakanin ƙwayoyin yadda za ta watse da ta taɓa harshe. Shi ya sa ake son a ci lomar da zarar an ajiye ta. In ta yi minti biyu, shinkafar ta huce ta zauna, kifin ya fara bushewa. Daga nan za a gane dalilin kujeru 8 ko 10. Mutum ɗaya ne ke dunƙulawa, kuma ba zai iya ciyar da mutum 50 a kan wannan ƙa'ida ba. Kuɗin hayar Ginza, albashin yara, da kifin da ya fi kowane tsada a kasuwa, duk a wuyan waɗannan 'yan kujeru suke, a zama ɗaya ko biyu a dare.

Ko ɗan koren yajin nan da ake sakawa tsakanin kifi da shinkafa yana da nasa labari. Wasabi na gaskiya tsiro ne mai wuyar sha'ani, sai a ruwan sanyi mai gudu, irin na tsaunukan Shizuoka da Nagano, kuma yakan haura shekara kafin a cire shi. Ana goga shi a kan fatar kifin shak a gaban baƙo, domin zafinsa da ƙanshinsa ba sa daɗewa. Yawancin abin da ake sayarwa da sunansa a duniya wata saiwa ce daban da aka rina kore.

Tsarin cin abincin kansa ana kiransa omakase: baƙo ya sallama wa mai gida zaɓi. Shi ya je kasuwa, shi ya san abin da teku ta bayar a wannan mako, shi zai jera: a fara da fararen kifaye marasa nauyi, a haura zuwa masu kitse, a ƙare da anago da wainar ƙwai mai zaƙi. Gwani yana aiki yana kallon fuskoki. In ya ga baƙo bahago ne sai ya juya masa lomar, in ya ga ya fara ƙoshi sai ya rage shinkafar. Ya riga ya shafa wa kowace loma abin da take buƙata, don haka tsoma ta cikin shoyu kamar ce masa ne bai iya ba. Cin da hannu ba laifi ba ne, shi ne ma na asali. Yankakkiyar citta mai tsami da ke gefe ta wanke baki ce tsakanin kifi da kifi. Ba a ba da tukuici a Japan. Abu ɗaya da zai yi wa mutanenmu nauyi shi ne ba a shiga da turare, domin ɗakin ƙarami ne, kuma ƙanshi mai ƙarfi zai ɓata wa maƙwabcin zama abin da ya biya kuɗi mai yawa a kansa. Ban ga taƙama a cikin waɗannan ƙa'idoji ba. Kowace tana da dalilin da za a iya nunawa da yatsa.

Musulmin da ya sami kansa a irin wannan kanta yana da tambayar da ya kamata ya yi tun wajen kama kujera. Kifin ba shi ne matsala ba, musamman a mazhabar Malikiyya da ta halatta abin da ke rayuwa a teku. Inda gizo ke saƙar shi ne kayan haɗi. Ruwan da ake shafa wa loma galibi shoyu ne da aka tafasa da giyar shinkafa ta sake da kuma mirin, wadda ita ma tana da barasa. Romon anago da wainar ƙwai ma sukan samu. Jan khal kuwa daga dusar da ta rage bayan an tace sake ake yin sa. Hukuncin waɗannan na malamai ne, amma ba za su iya yanke shi ba sai an kai musu bayanin daidai. Wasu gidajen kan sauya in an sanar da su da wuri, wasu kan ce ba za su iya ba, tunda a tukunya ɗaya aka haɗa komai tun safe. Ta fuskar lafiya kuma, ɗanyen kifin teku yana iya ɗauke da wata tsutsa mai suna anisakis, wadda gishiri da khal ba sa kashewa. Sai wuta, ko daskarewa mai tsanani, ko idon mai yanka. Wannan ma yana cikin amanar da ake biya.

Amanar ba a bakin kanta ta tsaya ba. Kafin asuba mai gida ko babban yaronsa yana kasuwar kifi, da can Tsukiji da aka buɗe a 1935, yanzu kuma Toyosu tun watan Oktoban 2018. Ba ya shiga gwanjo da kansa. Akwai dillalai da kowannensu ya ƙware a abu ɗaya: wannan tuna kaɗai ya sani, wancan jatan lande, wancan anago. Dillalin tuna yakan haska wutsiyar kifin da tocila, ya murza ɗan naman tsakanin yatsu, ya yanke hukunci a kan abin da ba a feɗe ba tukuna. Mafi kyawun kaya ba wanda ya fi kuɗi ake ba wa ba, wanda aka daɗe ana tare da shi ne, wanda ya saya a ranar tsada da ranar araha, bai taɓa guduwa ba. Sabon shago, ko nawa ya zo da shi, sai ya yi shekaru kafin a buɗe masa akwatin da ke ƙarƙashin tebur.

Yadda ake koyon sana'ar kuwa abin muhawara ne a Japan kanta. A al'ada yaro yakan yi shekaru yana wanke-wanke da matse tawul mai zafi kafin a bar shi ya taɓa wuƙa, a yi wajen shekara 10 kafin a kira shi gwani. A fim ɗin Jiro Dreams of Sushi na 2011, wani yaron gidan, Daisuke Nakazawa, ya ba da labarin yadda ya yi wainar ƙwai wajen sau 200 ana mayar masa, kuma ranar da aka karɓa sai da ya yi kuka. Daga baya ya zama mai kanta a New York a 2013. Amma a 2015 ɗan kasuwar nan Takafumi Horie ya tayar da ƙura da ya ce ɓata shekaru haka wauta ce, kuma a daidai wannan lokaci wani shago a Osaka mai suna Chiharu, wanda ma'aikatansa kwas ɗin wata uku suka yi, ya shiga littafin Michelin mai tantance gidajen abinci a rukunin masu kyau da sauƙin kuɗi. A ganina kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya. Riƙe wuƙa da dunƙula shinkafa ana iya koyar da su cikin watanni, kuma wani ɓangare na dogon zaman nan aikin arha ne kawai da aka lulluɓe da sunan tarbiyya. Amma sanin yadda kifi ɗaya ke sauyawa daga bazara zuwa hunturu, da samun yardar dillalai, ba makarantar da za ta gajarta su. Abin da ba shi da madafa shi ne yadda aka daɗe ana rufe wa mata ƙofa, da hujjar wai hannunsu ya cika ɗumi, ko wai al'adarsu ta wata na sauya musu ɗanɗano. Ba a taɓa tabbatar da ko ɗaya ba, kuma matan da suka shiga sana'ar a 'yan shekarun nan aikinsu ya isa amsa.

Inda tsada ta fara rabuwa da aiki shi ne lokacin da duniya ta waiwayo. Michelin ta fitar da littafinta na Tokyo na farko a ƙarshen 2007, ta ba Jiro taurari uku. Fim ɗin 2011 ya ƙara wa wutar fetur. Masu kuɗi daga kowace nahiya suka yi ca a kan kujerun da ba za su ƙaru ba. Gidaje da yawa suka daina amsa wayar baƙon ido, sai ta hannun babban otal, ko wani tsohon abokin ciniki ya tsaya maka. Masu gidajen suna da uzurinsu: wanda ya kama kujera bai zo ba ya bar su da kifin da ba zai kai gobe ba. Amma ƙarshenta a 2019 Michelin ta cire Sukiyabashi Jiro da wani gidan mai suna Sushi Saito daga littafin, ba don abincin ya ragu ba, sai don jama'a ba su da hanyar shiga. A New York, zama a kantar gidan Masa ya kai dala 950 a 2022, ban da abin sha. A wannan mataki ba kifi ake saye ba kuma, damar cewa an shiga ake saye.

Teku ce ke biyan wani ɓangare na wannan kuɗi. Mutanen Edo ba su ɗauki tuna da daraja ba, kitsen cikinsa ma, wanda ake kira toro, zubarwa ake yi domin saurin lalacewa. Firij da sauyin ɗanɗano bayan yaƙi ne suka mayar da shi sarkin kanta. A 1972 kamfanin jiragen Japan Airlines, yana neman kayan da zai cika jiragensa masu dawowa, ya fara ɗauko tuna daga gaɓar gabashin Kanada zuwa Tokyo, kifin da masuntan can ba su da kasuwarsa. Daga nan farautar ta game duniya. A gwanjon farko na shekarar 2019, Kiyoshi Kimura, mai shagunan Sushizanmai, ya sayi tuna ɗaya mai kilo 278 daga garin Oma a kan yen miliyan 333.6. Kowa ya san kuɗin talla ne, ba kuɗin nama ba. A daidai shekarun da ake wannan gasa, masana sun ƙiyasta cewa manyan tunan tekun Fasifik masu haihuwa sun ragu zuwa ƙasa da kashi 5 cikin 100 na yawansu na asali. An ƙayyade kamu, musamman na ƙanana, kuma alƙaluman baya-bayan nan sun nuna suna farfaɗowa. Jiro da kansa ya koka a fim ɗin cewa kifayen da ya saba samu a sauƙaƙe suna ɓacewa. Buƙatar Japan ta iso har gaɓar Afirka: kaso mai yawa na oktofus ɗin da take shigowa da shi daga Muritaniya da Maroko yake fitowa.

Abin da ya fi damuna, duk da haka, ba a Ginza yake ba. Tsakanin kantar yen 40,000 da faranti mai zagayawa a bel akwai wani rukuni na uku da ba a yi masa fim: shagon unguwa, inda miji ke yanka, mata ke kawo shayi, ma'aikaci ya shigo da rana ya ci kohadar da aka jiƙa da ilimi iri ɗaya da na manyan gidaje, a kan kuɗin da albashinsa zai ɗauka. Waɗannan su ne magadan rumfunan Edo na gaskiya, kuma su ne ke rufewa. Manyan kamfanonin bel sun kwashe musu iyalai, gidajen taurari sun kwashe kifi mai kyau da yara masu hazaƙa, masu shagunan suna tsufa, 'ya'yansu da yawa sun zaɓi aikin ofis. Yaron da ya gama koyo yau ya fi ganin riba a buɗe kantar mutum takwas da zai sa wa kuɗi mai nauyi, ko ya tafi Singafo, Hong Kong ko Dubai inda ake biyan gwanin sushi fiye da gida.